Kwanson da Ya Tsira a Amya

Akwai wani mutum mai kiwon zuma, amyarsa uku. Fari ya cinye ɗaya, tururuwa suka kori ɗaya. Ta ukun kuma, wadda duk gidansa suka dogara gare ta, sarauniyarta ta mutu. Ya san amyar da ba sarauniya ƙarewa take yi a hankali, domin babu mai saka ƙwai.

Mutumin nan ya gaji, gajiyar da ko addu'a sai ya ja ta da ƙyar. Wata safiya ya busa hayaƙi ya buɗe amyar, sai ya ga waɗansu kwansuna na reto a jikin saƙar zuma kamar ɓawon gyaɗa, kowanne da tsutsa kwance cikin wani farin abu mai kama da madara.

Ya ce, "Ga shi kuma, cuta ta shigo." Ya sa wuƙa ya yi ta yankewa har bayansa ya ƙage. Saura ɗaya can ƙasa, ya kasa sunkuyawa, ya bar shi.

Yayarsa Rifkatu, wadda ta riga shi sanin zuma, ta ga abin da ya zubar, ta riƙe baki.

"Ƙanena, sarauniyoyi ka zubar! Tsutsar nan ba ta fi sauran ba. Duka suna ɗanɗana farin abincin nan kwana uku, sai a yaye su. Wadda ƙudan zuman suka ci gaba da ba ta, ba fashi, ita ce ke zama sarauniya."

Mutumin ya zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Ya ce, "Yaya, ɗaya na bari. Ba don hikima ba, don gajiya."

Bayan wata guda ya buɗe amyar, ya tarar da ƙwai jere a saƙa. Sabuwar sarauniya ta fito daga kwanson da ya bari.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Tsutsotsin su ne yaran da ke gidajenmu da azuzuwanmu. Farin abincin Maganar Allah ce. Babu yaron da aka haifa dabam, ciyarwar yau da gobe ce ke tashe shi. Na sani mun gaji, ni ma na gaji. Amma a cikin gajiya ne muke yanke wa yaro hukunci, mu ce ba zai yi ba. In hannunka ya mutu, ajiye wuƙar. Wataƙila wanda ka bari yau, da shi Ubangiji zai raya gidanka.