Laujen da ke Hannun Mukhtar

Akwai wani manomin shinkafa mai suna Shu'ibu a wani ƙauye na bakin kogi, can wajen Guri. Mutum ne mai zafin zuciya. In ya rantse, sai dai a ba shi hanya.

Wata damina da kogi ya cika ya batse, wani matashi maraya, Mukhtar, ya je ya fasa jingar da ke tare ruwa daga gonaki. Wai so yake kifi ya shigo wani kududdufi ya kama. Ku ji wauta, jama'a! Ruwa ya san kaɗan ne? Kafin la'asar gonar Shu'ibu ta zama tafki, shinkafar da ta fara ciki ko ganyenta ba a gani.

Shu'ibu ya rantse sai yaron ya ruɓe a gidan yari.

Bulama, wato mai garin, ya tara dattawa a ƙofar gidansa. Aka zaunar da Mukhtar gaban Shu'ibu, aka ce ya buɗe kunne. Shu'ibu ya faɗi abin da ya rasa: abincin shekara, da irin da ya gada wurin mahaifinsa. Yaron bai ɗago kai ba.

Bulama ya ce, "Shu'ibu, mun ga waɗanda aka kai gidan yari kan satar akuya suka dawo mana da wuƙa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bari yaron ya gyara jingar da hannunsa, ya yi maka aiki har noman rani. Ranar da ka zo nan ka ce ya gama, magana ta mutu. In ka ce bai gama ba, ni da kaina zan miƙa shi ga hukuma."

Shu'ibu ya amsa, amma a baki kawai.

Mukhtar ya toshe jinga, ya yi kaftu, ya yi dashe. Shu'ibu kuwa kullum sai zagi da gori. Yaron ba ya tankawa, kuma wannan shirun ne ya fara damun Shu'ibu. In ya duƙa, sai ya ji kamar ana kallon ƙeyarsa. Matarsa Sakinatu ta ce, "Malam, ka daina shiga ruwa da yaron nan ku biyu. Wanda ake zagi yana shiru, abin tsoro ne."

Ran nan suka shiga kwalekwale yankan kacala, ciyawar nan mai tsayi da ke toshe hanyar ruwa. Wurin ba kowa, ko tsuntsu ba ya kuka. Nan Shu'ibu ya ga damar ƙona masa rai.

"Kai, ka daina wahalar da kanka. Ko shekara goma za ka yi, ba zan taɓa cewa ka gama ba. Gidan yari na jiranka."

Mukhtar ya dube shi, ya ci gaba da wasa laujensa.

Shu'ibu ya dira cikin ruwa iya ƙirji. Bai yi nisa ba sai wata tsohuwar raga da masunta suka yar ta naɗe masa ƙafafu. Ya fizga, ta ƙara ɗaurewa. Taɓo ya fara jan sa. Ruwa ya kai wuya, ya kai haɓa.

Ya ɗaga ido, sai ga Mukhtar tsaye a kansa, lauje a hannu, fuska ba annuri. Shu'ibu ya waiga hagu da dama. Babu mai gani, babu mai ji. Gobe cewa za a yi ruwa ya ci shi, shi ke nan. Ya rufe ido ya kama salati.

Sai ya ji tsundum! Yaron ya nutsa. Laujen ya riƙa gogar ƙaurin Shu'ibu, zare na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Can Mukhtar ya ɓullo yana haki, yatsunsa na jini, ya ja shi zuwa kwalekwale.

Da Shu'ibu ya gama amayar da ruwa, ya ce, "Ka ji abin da na gaya maka ɗazu. Me ya sa ka cece ni?"

"Baba, na riga na kashe maka gona. Har yau ba na iya barci saboda ita. Ina zan kai alhakin rai?"

Shu'ibu bai biya ta gida ba. Da jiƙaƙƙiyar rigarsa, taɓo har gwiwa, ya tsaya a ƙofar Bulama gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, yaron nan ya gama. Ni ne ban gama ba."

Darasi: Yaron da ya yi ɓarna, a sa shi ya dubi idon wanda ya cuta, ya gyara da hannunsa, kafin a yi maganar ɗauri. Kai kuma da aka cuta, in ka karɓi sulhu, karɓe shi har zuciya. Ku tura wa iyaye da masu unguwanninku, wataƙila akwai wani Mukhtar da ake shirin yarwa a kusa da ku.