Tsintsiya a Ƙofar Injiniya

Akwai wani injiniya mai suna Zakariyya, a shekarun da ake kwaso kujerar mulki daga Legas ana dawo da ita Abuja. Lokacin garin bai gama zama gari ba. Duk inda ka waiga jar ƙasa ce, da tifofi masu jigilar tsakuwa daga duwatsun Mpape, da leburorin da suka baro ƙauyukansu suna neman na abinci.

Zakariyya matashi ne, kuma ya iya aikinsa, wannan kam ba za a ƙwace masa ba. Matsalarsa ɗaya ce. Idan ya ja layi a takarda, gani yake ko tsauni ne sai ya matsa masa.

Kamfaninsu ya samu kwangilar gina dogon bene na gidajen kwana, saboda ma'aikatan da za su taso daga Legas da iyalansu. Shi ya zana, shi aka ɗora a kan ginin. An kuma yi masa alkawarin gidan da ke can ƙololuwa idan an gama.

Filin da aka ba su tsohon ƙauyen Gbagyi ne. An riga an tashi mutanen, an rushe ɗakuna da rumbuna. Amma akwai wata tsohuwa, Mama Naomi, da ba ta daina zuwa ba.

Kullum da hantsi za ka hango ta tafe, ƙwarya a kafaɗa yadda matansu suke ɗaukar kaya, da guntuwar tsintsiya a ciki. Sai ta ratsa ta gefen masu kwaɓa siminti, ta je gindin wata ɗorawa inda aka kafa wani baƙin dutse. Ta share wurin tas, ta ɗan zauna, ta tashi ta tafi.

Kabarin mijinta ne. A danginsu a tsakar gida ake binne maigida, kuma sharar kabarinsa tana cikin sharar safe.

Kabarin bai shiga inda benen zai tsaya ba. A can bakin filin yake, wurin da zane ya ware don ajiye motoci. Da za a ɗan lanƙwasa katanga, da ya fita waje, ba wanda ya yi asara.

Ranar da aka fara ja igiyar katangar, tsohuwar ta iske Zakariyya tsaye da hular kwano a kansa.

Ta ce, "Sannu da aiki, ɗana. Ni ban hana ku gini ba. Gwamnati ya ce mu tashi, mun tashi. Katanga ne kawai, ka ɗan karkata shi, ka bar mini maigidana a waje. In na mutu kuma a sa ni kusa da shi."

Ko kallon kirki bai yi mata ba. Ya ce, "Mama, nan babban birnin ƙasa ne, ba ƙauye ba. Katanga ba ta karkacewa saboda dutse ɗaya."

"To ka bar mini ƙofa, ko ƙarami ne."

"Babu ƙofa a zane."

Shugaban leburori, wani dattijo mai suna Bello, ya matso ya ce a hankali, "Oga, wurin fa bai fi shimfiɗar tabarma ba."

Zakariyya ya ce, "Kai aka ba zanen ko ni?"

A ranar aka kawo katafila. Aka tumɓuke ɗorawar, aka loda baƙin dutsen a tifa tare da ɓaraguzai. Tsohuwar tana tsaye tana kallo, ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ni a duk labarin nan wannan shirun nata ya fi ba ni tsoro.

Da aka gama baje wurin, ta tako har gabansa ta ce, "Tunda ka sa shi cikin gidanka, ai ya zama naka. A wurinmu mai gida ne yake shara. Ni na huta."

Ta ɗora ƙwaryarta a kafaɗa ta tafi. Ba a sake ganinta a wurin ba.

Bene ya tashi, kyakkyawa, har matafiya suna rage gudu don su kalle shi. Aka malale filin motoci da kankare sumul. Ma'aikata suka iso daga Legas da kujerunsu da tukwanensu. Zakariyya ya tare a ƙololuwa da matarsa Hansatu, yana jin kansa kamar shi ya kafa garin.

Matan gidan ne suka fara jin abin. Da tsakar rana, idan maza sun tafi ofis yara suna makaranta, sai a ji ƙarar shara a matakalar hawan ƙasa. Shara ce ta tsoho, a hankali, a ja tsintsiya a huta, a sake ja. In an leƙa, ba kowa. Sai dai matakala fes, ga sawun tsintsiya a jere.

Da farko sun ɗauka kamfani ya ɗauki mai shara. Wata baiwar Allah har abinci ta ajiye mata a kwano, ta dawo da yamma ta same shi yadda ta bar shi.

Daga baya suka lura sharar ba ta zama wuri ɗaya. Idan ta kwana biyu a wani hawa, sai ta koma na samansa, na ƙasa kuma ƙura ta dawo masa. Hawa take yi. Wasu iyalai suka tattara suka koma gidajen 'yan uwa, suka ce gara cunkoso.

Hansatu ta faɗa wa mijinta. Ya yi dariya ya ce iska ce ke shiga bututu, kuma zaman banza ne ke damun matan gidan.

Wata rana ya dawo cin abinci bayan azahar, ya tarar an ɗauke wuta, lif ba ya aiki. Dole ya bi matakala. Yana tsakiyar hawa ya ji ta a samansa. A ja, a huta, a sake ja.

Ya ƙara sauri. Duk kwanar da ya sha, sai ya ji sharar a kwana ta gaba. Wurin yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin itace, alhali rana ake ƙwallawa kuma ba mai girki da itace a benen. Ya yi sallama da ƙarfi, ba a amsa ba.

Da ya kai ƙofar gidansa sai komai ya yi tsit.

A bakin ƙofar ga guntuwar tsintsiya a kwance, an juyo wurin riƙon zuwa gare shi, yadda ake miƙa wa mutum abu. Ya sunkuya ya ɗauka. Wurin riƙon da ɗumi.

Tsoro ya kama shi, amma girman kai ya fi ƙarfin tsoron. Ya shiga ciki ya wurga ta ta taga.

Washegari ya tashi da nauyi a kafaɗarsa ta dama, kamar an ɗora masa buhu. Likitoci suka duba, suka ɗauki hoto, suka ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. Aka yi addu'a, aka yi gashi da man zafi. Nauyin sai ƙaruwa yake, har mutumin da yake tafiya ƙirji a gaba ya koma tafiya a karkace.

Ni ban ce fatalwa ce ba. Wasu sun ce aljannu ne, wasu sun ce zuciyarsa ce take cinsa. Hansatu dai ba ta yi dogon lissafi ba.

Ta ce, "Maigida, wannan ba ciwo ba ne, alhaki ne. Ka je ka nemi tsohuwar nan tun da sauran ƙarfinka."

Da taimakon Bello ya gano cewa ɗanta, Nathan, ya mai da ita garin Uke, inda yake sayar da doya a bakin titi. Zakariyya ya je har can, ya sauko daga mota da ƙyar, ya faɗi ko shi wane ne.

Nathan ya ce, "Oga, Mama ya rasu, tun kafin ku gama fenti. A bayan coci muka sa shi, cikin mutanen da bai sani ba. Har ranar ƙarshe yana tambaya ko an share Baba."

Zakariyya ya zauna a ƙasa, nan gaban tulin doya. Ya ce, "Don Allah ka zo ka nuna mini wurin. Zan fasa kankaren, zan karkata katangar, zan sa ƙofa."

Nathan mutumin kirki ne, ya rufe doyarsa ya bi shi. Suka tsaya a filin motoci. Ya zaga nan, ya zaga can, ya kalli duwatsun nesa, ya kalli ƙasa. Ko'ina kankare ne iri ɗaya.

Ya ce, "Oga, da bishiya muke gane wurin, kun sare. Da dutse, kun ɗauke. Wallahi ban sani ba." Ya goge idonsa da bayan hannu. "Nawa na yafe maka. Na Mama kuma ba ni zan yafe ba."

Bayan tafiyarsa Zakariyya ya hango tsintsiyar a jikin katanga, inda ta faɗi. Ya ɗauka, ya sunkuya, ya fara shara. Yana ja, nauyin yana raguwa. Da ya tsaya a rabin filin, sai nauyin ya dawo masa. Sai da ya share daga wannan kusurwa har waccan, sannan ya iya miƙewa sosai.

Tun daga ranar ba a sake jin shara a matakala ba. Amma duk safiyar da bai share filin ba, nauyin yana nan yana jiransa.

An yi masa tayin manyan ayyuka a wasu garuruwa, ya ƙi. Ya tsufa a benen nan. Masu haya suka sauya, sababbin ba su san shi ya zana gidan da suke kwana ba, Baba mai shara suke ce masa.

Wata safiya wata mata ta fito za ta tayar da motarta, ta gan shi yana ta jan tsintsiya a kan kankare fes. Tausayi ya kama ta, ta ce, "Baba, ka huta mana, ai nan babu datti."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, 'yata. Ban san inda kabarin yake ba ne."

Darasi: Idan mai rauni ya roƙe ka ɗan abin da ba zai rage ka da komai ba, ka yi masa tun yana gabanka. Haƙƙin mutum ba ya ɓacewa don an malale shi da siminti, kuma akwai ranar da za ka nemi gyara ka rasa wanda za ka roƙa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda Allah ya ɗora a kan wani aiki.