Tauraruwar da Tabawa ta Fara Gani

An ce Sarki Jatau ya kori ƙanensa Barau daga gari saboda wata 'yar gardama. Da Barau ya aiko neman gafara, Sarki ya ce, "Sai baɗi."

Wata tsohuwar shamuwa da ke sheƙa a tsamiyar fada ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ina jiye maka abin da ya sami Malam Ilu."

Sarki ya ce, "Me ya same shi?"

Shamuwa ta ce:

Malam Ilu masanin taurari ne. Wata asuba matarsa Tabawa za ta rijiya, ta hango wata tauraruwa mai wutsiya, dishi-dishi, ta kira shi. Ya bi tafiyar tauraruwar har ta ɓace, ya gano rana take kewayawa a kan hanya mai siffar ƙwai, kuma duk shekara shida da ɗoriya za ta komo. Da ya sanar, jama'a suka sa mata Tauraruwar Ilu. Bai gyara musu ba.

Tabawa ta ce, "Malam, ai ni na nuna maka ita."

Ya ce, "Ki bari ta dawo, lissafina ya tabbata, sai in faɗi sunanki gaban kowa."

Amininsa Gambo maɗinki ya ji, ya ce, "Ilu, saurari labarin wani falke. Ya sayo wa mahaifiyarsa turare mai tsada, ya ɓoye sai ranar da ya gina mata ɗaki. Ɗaki ya ginu, ya buɗe kwalba, ya tarar turare ya tsere ta bakin murfi. Tsohuwa ta shinshina kwalba, ta sa masa albarka, shi kuwa ya fita yana kuka. Alheri ba ya son ajiya."

Ilu ya yi dariya.

Tauraruwa ta dawo daidai lokacin da ya faɗa, haskenta ya ragu, don duk ratsawarta kusa da rana sai ta zubar da wani abu na jikinta. Amma Tabawa ta rasu tun damina. Ilu ya tsaya gaban taro ya ce, "Matata ce ta fara ganinta." Aka ce Allah ya jiƙanta, aka ci gaba da kiranta Tauraruwar Ilu.

Shamuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, tauraruwa ce ke da lokacin dawowa. Mutum ba shi da shi."

Sarki ya ce, "Ni na goya yaron nan ranar da uwarmu ta rasu. A ɗaura sirdi, da kaina zan je."