Malam Ilu da Hoto na Bakwai

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi, mutane suna leƙenta ta taga. Sunansa Malam Ilu. Ba shi da muƙami, ba shi da ɗaurin gindi. Bawan Allah ne dai, irin wanda zai wuce ka a hanya ba ka waiwaya ba. A ofishin da ke duba rijiyoyin ƙauyuka yake aiki. Ya zauna gaban na'ura, ya danna, ta fitar da rahoto, ya ɗinke, ya miƙa. Shi ke nan fa aikin nasa.

Ku saurara da kyau, don in ba ku gane yadda aikin yake ba, ba za ku gane nauyin da ya ɗauka ba. Ma'aikata kan zaga ƙauyuka su auna ruwa, su ɗauki hotuna, su zuba komai a na'ura. Ita kuma ta jera rahoto da kanta: sunan gari a sama, bayani a ƙasa, sannan hoto da ɗan layin rubutu a gindinsa mai faɗin abin da hoton ya nuna. To amma tana da wani hali. In hoto bai samu wuri a shafinsa ba, sai ta tura shi gaba, duk inda ta ga fili, rubutu ya ci gaba da tafiyarsa. Ita dai shafi ya cika ya yi kyau. Ba ta san rijiya ba, ba ta san mai shan ruwan ba.

Wata Laraba da hantsi rahoto ya fito, shafi sittin, ana jiransa a taron manya ƙarfe sha biyu. Malam Ilu yana da wata al'ada da abokan aiki ke masa dariya a kanta: ba ya ɗinke takarda sai ya bi ta da yatsa, shafi bayan shafi. Ya iso kan wani ƙauye, mu ce masa Kanya. Bayani ya ce ruwansu ya gurɓace, a dubi hoto na bakwai. Ya duba, babu hoto. Ya juya shafi, sai ga hoto na bakwai zaune daram a ƙarƙashin sunan wani ƙauye daban, Marke, an rubuta a gindinsa: "A rufe wannan rijiya nan take." Babu sunan gari a layin. Ruwan Marke kuwa lafiyarsa lau.

Ya san masu zuwa rufe rijiya. Ba sa tsayawa karanta dogon bayani. Sunan gari suke dubawa da hoton da ke ƙasansa, su ɗauki siminti su kama hanya. Rijiya kuma a hoto duk ɗaya ce, baki ne da guga. Ke nan za a toshe wa mutanen Marke ruwansu mai kyau, a bar 'ya'yan Kanya suna kwankwaɗar cuta.

Ya ɗauki takardar ya shiga wurin shugaban ofis, Alhaji Mamuda.

"Ranka ya daɗe, akwai gyara."

"Gyaran me? Kai ka rubuta?"

"A'a, na'ura ce ta jera. Hoton Kanya ya sauka a kan Marke. A ba ni awa biyu."

"Awa biyu! Malam Ilu, ka san su wa ke zaune a ɗakin can? Duk mai karatu zai gane. Ɗinke ka kawo."

"Wanda zai ɗauki siminti ba zai karanta ba, ranka ya daɗe."

Alhaji Mamuda ya bugi tebur. "In sha biyu ta yi takardar nan ba ta hannuna, ka nemi wata kujerar!"

Jama'a, ku tsaya nan. Kai da ke gyangyaɗi a sahun baya, ɗago kanka, kai ma da kai nake. Mutumin nan baki tara yake ciyarwa. Ba shi ya auna ruwa ba, ba shi ya ɗauki hoto ba, ba shi ya ƙera na'ura ba. Da ya ɗinke ya miƙa, wallahi ko alƙali ba zai kama shi da laifi ba. Ya ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma da ya koma kujerarsa sai ya ce a ransa: "Hannuna ne na ƙarshe da zai taɓa takardar nan. In ta fita a karkace, ni na fitar da ita."

Wani zai ce, ai da ya ja layi da biro ya huta. To wa ya gaya masa na bakwai kaɗai ya yi ƙaura? Kuma na'urar ba za ta sake ba wata mai zuwa? Sai ya koma tushen abin. Ya umarce ta da ta ɗaure kowane hoto a daidai inda aka ambace shi, kada ya gusa ko da rabin shafi zai zauna fari. Ya sa mata shinge tsakanin gari da gari, hoton wannan ba ya tsallakawa wancan. Ya nemo ma'aikacin da ya ɗauko hotunan suka tantance, ya sa sunan gari a gindin kowanne. A nan ya tarar da wasu hotuna uku su ma sun bar gidajensu.

Sha biyu ta wuce. Aka yi azahar. Sai bayan salla rahoto ya isa, shafi saba'in da ɗaya, duk filaye, babu kyan gani. Manya sun gaji da jira, suka wanke Alhaji Mamuda tas a gaban mutane. Shi kuma ya huce a kan Malam Ilu, ya mai da shi sito yana kaɗe ƙurar tsofaffin fayil. Shekara goma sha ɗaya yana wurin. Ba a taɓa jin ya kai ƙara ba, ba a taɓa jin ya ba wani labarin ba, har Allah Ya karɓi abinsa.

A maƙabarta, bayan an rufe shi, sai wani tsoho ya miƙe yana dogara sanda. Alhaji Mamuda ne.

"Jama'a, ku saurare ni," in ji shi. "Ni na bi masu siminti zuwa Kanya, don in ga abin da aka tozarta ni a kansa. Shaddar ban-ɗakin wani gida ce ta tsiyaye cikin rijiyar. Da idona na ga wata mata ta ja ruwan tana ba jaririnta. Tun ranar na san mutumin nan ya fi ni. Kullum sai in ce gobe zan maido shi, gobe zan roƙe shi gafara."

Kuka ya ci ƙarfinsa, aka zaunar da shi. Daga Kanya ko mutum ɗaya bai zo jana'izar ba. Ba rashin kirki ba ne, ba su taɓa jin sunansa ba.

To, 'yan'uwa, ga darasin a fili. Amana ba ta raguwa don aikinka ƙarami ne, kuma ba ta sauka daga wuyanka don na'ura ce ta yi. "Ba ruwana" ta kashe mutanen da takobi bai kashe ba. Kai mai shagon magani da ke miƙa kwali ba ka duba ba. Ke da ake turo miki hoton mutum a waya da mummunan rubutu a gindinsa, ki tura gaba ba ki tambaya ba, ki ce ai ba ni na rubuta ba. Ke kika miƙa! Duk abin da ya bi ta hannunka, za a tambaye ka a kansa. Kuma kada ka jira godiya, domin wanda ka tsare daga bala'i yawanci ba zai taɓa sanin an tsare shi ba. Allah Ya sani, kuma wannan ya isa.

Allah Ya sa hannuwanmu su yi mana kyakkyawar shaida ranar da baki zai yi shiru.