Yadda Ƙadangare Ya Nemi Tabon Sallah

"Baba, wai ƙadangaren nan sallah yake yi?"

Tabawa ce ta yi wannan tambaya ɗazu da hantsi, ina bakin murhu ina jinta. Baba ya yi dariya kawai, ya saɓa fartanyarsa ya fita. Ni kuwa ba na buɗe baki a gaban surukina. To yanzu da muke mu kaɗai, ku matso kan tabarma. Cindo, sauke ƙafarka daga kan ƙanwarka.

Ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo mu ji ta, Amarya."

Ai ta iso, har ta zauna.

Wai a da can, kan Ƙadangare ba ja ba ne. Toka-toka yake, kamar sauran jikinsa. Saurayi ne mai ban dariya, mai son barcin safe. Ya ga Kurciya ya ce yana so. Ita ma ba ta ƙi ba, domin in ya zo zance har hawaye take yi don dariya.

Kurciya a hannun kawunta Zabo ta girma. Da maganar aure ta taso, Zabo ya kira Ƙadangare zaure ya ce, "Yaro, ni ba na tambayar gona, ba na tambayar riga. Mai sallah zan ba. Kuma mai sallah a goshi nake gane shi. In na ga tabo, na amince, sauran magana sai abin da yarinya ta ce."

Kun san tabon sallah, ɗan baƙin nan da ke fita a goshin wasu saboda yawan sujada.

"Shi Zabon yana da shi?"

Zabo kansa duk sanƙo ne, Cindo, ba a ganewa.

Ƙadangare ya fito ya shafa goshi. Sumul, kamar bayan sabuwar ƙwarya. Sai ya nufi wurin Hankaka.

"Hankaka, tabo nake so."

"Na ƙuna ko na faɗuwa?"

"Na sallah."

"Kana yi?"

"Ana taɓawa."

Hankaka ya ce, "To ga gawayi, ga man shanu kaɗan. Ka cuɗa ka shafa. Amma ka guji ruwa."

Ƙadangare ya ce, "Ai ni da ruwa dama gaisuwa ce kawai."

Ya shafa. Ya kama hanyar gidan Zabo yana waƙa:

Goshi, goshi, kai za ka yi zance,
Ni zan zauna in sha fura.

Ku amsa mana.

"Ni zan zauna in sha fura."

Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma. Zabo ya dubi goshi ya ce, "Madalla." Ana cikin hira la'asar ta yi, Kurciya ta kawo buta. Ƙadangare ya ja da baya.

"Ina da alwala, Kawu."

"Ta yaushe?"

"Tun ta asuba. Ni tawa ba ta karyewa da wuri."

Ranar kuwa ana zafi. Gumi ya tsatso, man shanu ya narke, tabo ya fara gangarowa. Zabo ya karkata kai ya ce, "Yaro, tabon nan naka tafiya yake yi. Ɗazu yana goshi, yanzu ga shi a hanci."

Ƙadangare ya ce, "Ai sujada har da hanci ake yi, Kawu."

Zabo ya gyaɗa kai, ya ce, "Haka ne kuma."

Kurciya ta rako shi bakin ƙofa. Ta dubi hancin, ta kau da ido. Ta ce a hankali, "Ƙadangare, tsakaninka da Allah, yau ka yi asuba?"

Ya ce, "Ba ki ga goshi ba?"

Ta ce, "Na ga hanci. Ka gaida gida."

Kashegari ya tafi wurin Kaza, mai yi wa amare ƙunshi.

"Inna Kaza, lalle nake so."

"Amaryarka za a yi wa?"

"Goshina za a yi wa."

Kaza ta dube shi da ido ɗaya, ta juya ta dube shi da ɗayan. Ta ce, "Ni dai aiki aka kawo mini. Zan ɗiga maka kamar ƙwayar wake. Ka zauna a miƙe, kada ka kwanta."

Ta ɗiga. Ya leƙa cikin ƙwaryar ruwa ya ce, "Wannan ai na mai farilla kawai ne. Ƙara."

Ta ƙara.

"Ƙara dai, Inna. Ina so a hango shi tun daga bakin kasuwa."

Ta kwashe abin da ke cikin kasko ta lafta masa. Ya hau katanga ya zauna a miƙe. Rana ta yi daɗi, iska ta kaɗa. Kun san mutumin naku. Barci ya kwashe shi, ya yi juyi dama, ya yi juyi hagu. Da ya farka, kansa gaba ɗaya ya yi ja wur, har wuya.

"Ya wanke mana."

Ya wanke, Tabawa. Ya sa toka, ya sa yashi, ya sa lemun tsami. Lallen Kaza ba ya jin magana.

Haka ya tafi, yana waƙarsa ƙasa-ƙasa:

Goshi, goshi, kai za ka yi zance.

"Ni zan zauna in sha fura."

Zabo na ganinsa ya miƙe tsaye. "Wannan fa?"

"Yawan nafila ne, Kawu. Tabon ya rasa wuri a goshi, sai ya bazu."

"Amma ja?"

"Ƙasar masallacinmu ja ce."

Zabo ya sosa sanƙo. Ya ce, "Ni dai tun da nake, ban taɓa ganin irinsa ba. Yaro, ba na ce ƙarya kake yi ba. Amma ina so in gan ka kana yi, da idona."

Kurciya ta sake rako shi. Dariya na cin ta, ta danne. Ta ce, "Ƙadangare, tsakaninka da Allah, yau ka yi asuba?"

Ya ce, "Ba ki ga kai ba?"

Ta ce, "Har ƙanshinsa na ji. Ka gaida Inna Kaza."

Rana ta uku ya tafi wurin Raƙumi, don ya ga gwiwoyinsa duk kanta.

"Baba Raƙumi, wa ya yi maka waɗannan?"

Raƙumi yana tuƙa, bai yi sauri ba. Ya ce, "Ba wanda ya yi mini. Durƙusawa nake yi a ɗora mini kaya. Su suka zo da kansu."

"Cikin kwana nawa?"

"Ban ƙirga ba. Ban ma san suna nan ba sai da aka faɗa mini."

"Ni zuwa Juma'a nake so."

Raƙumi ya ce, "To Allah ya ba da sa'a," ya ci gaba da tuƙarsa.

Ƙadangare ya ce a ransa, durƙuso dai ko? Ya nemi wani falalen dutse a mararraba, hanyar da Zabo ke bi zuwa gona. Ya hau ya jira. Bai san Kurciya na bisa tsamiya tana kallo ba.

Akuya ta ɓullo daga yamma. Ƙadangare ya fuskance ta, ya ɗaga ƙirji, ya buga goshi. Ɗaga, buga. Ɗaga, buga. Akuya ta ce, "Sannu, Malam, a sa mu a addu'a." Tana wucewa ya miƙe ƙafa ya hau kamun ƙuda.

Jaki ya ɓullo daga kudu. Ƙadangare ya juya kudu. Ɗaga, buga. Jaki ya ce, "Yaran yanzu ma akwai na Allah." Yana wucewa, sai ƙuda.

Bushiya ta ɓullo daga arewa. Ina ya juya?

"Arewa."

Arewa kuwa.

Da hanya ta yi shiru, Kurciya ta sauko ta tsaya a gefen dutsen. Ta ce, "Malam, gabas tana wancan gefe."

Ƙadangare ya daskare da ƙuda a baki. Ya haɗiye.

Ta ce, "Ba faɗa na zo yi ba. Ni ma akwai ranar da rana ke riga ni tashi, in rama ina jin kunya. Kawu goshi yake nema, ni ba shi nake nema ba. Ka faɗa mini gaskiya sau ɗaya, ni na san yadda zan yi da Kawu. In tashi ne ke maka wuya, ni zan riƙa tashe ka. Ƙadangare, tsakaninka da Allah, yau ka yi asuba?"

Ya sunkuyar da jan kan nan. Ya buɗe baki ya ce, "Kurciya, maganar gaskiya, ni dai…"

Sai ga takun Zabo, ƙyas, ƙyas, ƙyas, daga yamma.

Ƙadangare bai san lokacin da ya juya ba. Ɗaga, buga. Ɗaga, buga. Har da lumshe ido.

Da ya buɗe idon, Kurciya ba ta nan.

"Wayyo, da ya ƙarasa."

Da ya ƙarasa, Cindo, da an sha biki.

Zabo ya shiga gida yana murna. "Yarinya, na gani da idona. Ko sallamata bai amsa ba. A sa rana."

Kurciya tana tsintar tsakuwa a gero. Ta ce, "Kawu, ka ce sauran magana tawa ce."

"Na ce."

"To na fasa."

"Kin fasa? Mai sallah irin wannan? Me ya yi miki?"

Tun daga ranar kan ƙadangare yake ja. Kuma har yau in ya ji motsin mutum sai ya hau buga goshi, ko ina ya fuskanta. Ku lura gobe a kan katanga: in ba mai kallo, kwance yake yana shan hantsi.

To ku ji, yara. Sallah ba don mai wucewa ake yin ta ba. Wani yana da tabo na gaskiya, wani ya tsufa yana sallah goshinsa sumul, duk Allah ya san nasa. Kuma wanda ke son ku, gara ku ce masa "ban yi ba" da ku nuna masa fenti.

"Amarya, ta faɗa wa Zabon?"

Zabo ya tambaya da safe, ya tambaya da rana, ya aiko Kaza ta bugi cikinta. Kurciya ta yi tunani. In ta faɗa, kafin magariba gari ya ɗauka, yara su bi shi da waƙa. Shi kuwa ya taɓa sa ta dariya, kuma saura kaɗan ya faɗi gaskiya. Sai ta ce, "Ba komai, Kawu." Ta ja ƙwaryar geronta, ta ƙudura a ranta ba mai ji daga bakinta.

Ƙurunƙus, kan ƙadangare ja wur. Ku tashi ku kakkaɓe tabarma.