Manomin da Ya Rufe Ƙofar Wuta

A wani ƙauye an yi wani manomi wanda gonarsa ta yi iyaka da ɗan daji mai dogayen ciyawa. Dajin ba babba ba ne, amma shi kaɗai ya rage a wannan ƙasa, gama sauran duk an sare an mai da shi gonaki. Saboda haka namun da suka saura suka taru a cikinsa, gada da mazo da zomaye da beguwa da zabbin daji, har da kunkuru. Ba su da wani wurin zuwa.

Mutanen garin suna da al'ada tun kakanni. Sau ɗaya a shekara, bayan an yanke dawa, maza sukan kewaye dajin da wuta, su tsaya da kulake da karnuka, su kama abin da ya fito. Amma ba sa haɗa bakin wutar. Sukan bar wani wuri ta wajen rafi, faɗinsa kamar taki arba'in, ba wuta, ba mutum, ba kare. Ƙofa suke ce masa. Abin da ya bi ta ƙofa ya tsira, ba mai binsa.

A wata shekara Ubangiji ya sa wa gonar manomin albarka. Ya yanke dawarsa, ya ɗaure, ya tara dammunan a bakin gona, domin sabon rumbunsa bai bushe ba tukuna. Abincin gidansa na shekara ke nan duka. A shekarar kuma aka ba shi jagorar farauta. Sai ya ce a ransa, "Zan yi biki, in ciyar da garin nan da nama har su ture akushi."

Ranar farauta da hantsi ya tara maza, ya ce, "Bana ba ƙofa. Za mu haɗa bakin wuta."

Kawunsa, wani tsohon maharbi, ya ce, "Ɗana, ƙofar nan ba mu muka fara ta ba. Ta nan masu ciki da ƙanana suke fita. In ka cinye su yau, baɗi me za ka kewaye?"

Manomin ya yi dariya. "Kawu, bara da ƙofar taku me muka samu? Gafiya uku, mu talatin! Kai da aka ba ka wutsiya har ka yi godiya."

Maza suka fashe da dariya. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya koma gida.

Matar manomin tana bayan zana, ta ji duka. Da ya shigo ɗaukar kulki ta miƙa masa ruwa, ta ce a hankali, "Maigida, gadar nan da nake gani in na je rafi, cikinta ya tsufa. Ko gudu ba ta iya yi sosai."

Ya ce, "Madalla. Nama biyu ke nan a fata ɗaya."

Ta ce, "To, ko a fara kwaso dawar?"

Ya ce, "Na share tsakanin gona da daji, ko tsinke babu. Ta ina wuta za ta haura? Ke dai ki wanke manyan tukwane."

Da rana ta take, suka cinna wuta ta kowane gefe, har da wajen rafi. Namun suka ji hayaƙi, suka ruga wajen ƙofa kamar yadda suka saba kowace shekara. Suka tarar da wuta. Suka juya gabas, wuta. Suka juya yamma, wuta. Daga cikin gari mata suna jin kukansu, har wasu suka bar daka suka toshe kunne.

Da wuri ya ƙure musu, sai masu sauran ƙarfi suka faɗa cikin wutar suka keta ta. Zomaye da gafiyoyi suka fito da wuta a gashinsu, suka wuce ta tsakanin ƙafafun maza, ba wanda ya iya bugun ko ɗaya. Suka haye filin da aka share. Dabbar da ke ƙuna maɓuya take nema, maɓuyar da ke kusa kuwa ita ce tarin dawar manomin. Suka kutsa ƙarƙashin dammunan.

Kafin maza su karyo ɗanyen reshe, tarin ya kama ta wuri huɗu. Manomin yana ihu, yana jan dami da hannu har tafinsa ya saɓule. Bai fid da ko ɗaya ba.

Da wuta ta mutu suka shiga dajin neman nama. Abin da suka samu gawayi ne, ba ya ciwuwa, karnuka ma sun ƙi shi. A bakin inda ƙofa take a dā suka tarar da namun tuli, kan juna, duk kawunansu suna fuskantar rafi. Gadar tana cikinsu.

Kawun ya zo ya duba. Sa'an nan ya ce, "Ƙofar nan tana kai su rafi, tana kau da su daga gonaki. Da su da mu take ceto."

Ba a yi biki ba. Gidan manomin suka ci daga hannun maƙwabta har kaka ta zagayo, ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a sha ruwa. Dawa dai ta sake fitowa da damina. Namun ba su dawo ba, gama ba wani daji da za su fito daga ciki.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake koya mana. Ɗan dajin shi ne ɗan wurin da ya rage wa halittun Allah a kewaye da mu, bakin rafi, gindin dutse, 'yan itatuwan da gatari bai kai gare su ba tukuna. Namun ba namu ba ne. Ubangiji ne ya yi su, ya ba su numfashi, ya danƙa mana su amana. Ya yarda mu ci, amma bai ce mu ƙarar ba. Manomin kuwa shi ne duk wanda ya ga abu ya ragu, maimakon ya sassauta hannu, sai ya ce bari in kwashe saura kafin wani ya riga ni. Kwaɗayi ke nan, zunubi ne, kuma ba ya tsayawa a daji. Gida yake biyo mutum.

Kada mu mata mu ce wannan magana ta maza ce. Mu ne muke tsince ƙwan zabuwar daji kaf, ba mu bar ko biyu a sheƙa ba. Mu ne ake kawo wa kifin da aka zuba wa magani a tafki, manya da 'yan mitsi-mitsi, mu wanke mu soya, ba mu ce uffan ba. Matar nan ta cikin misali ta ga abin da ke zuwa, ta faɗa sau biyu da ƙaramar murya, ta yi shiru. Ni dai ina ganin da ta sake faɗa, da ya fi.

Ran Alhamis a taronmu na zumuntar mata aka tambaya, wa ya taɓa ganin gauraka da idonsa? Cikin mu duka Mama Tabita ce kaɗai ta ɗaga hannu, ita ma ta ce tun tana budurwa. Ranar da Mai halittun nan zai tambaye mu ina suke, ba za mu iya cewa ba mu sani ba. A tukwanenmu aka dafa su.