Mai Zuma da Ya Shiga Kurmi Shiru

Akwai wani mutum mai kiwon zuma a wata ƙasa mai duwatsu da kurmi. A cikin kurmin nan akwai beyar. Mu nan ba mu da ita, don haka bari in kwatanta muku. Ƙatuwar dabba ce mai baƙin gashi, idan ta miƙe a kan ƙafa biyu ta fi dogon mutum tsawo, kuma tana son zuma fiye da yadda ku yaran nan kuke sonta.

Mutanen ƙasar suna da wata al'ada da suka gada tun kakanni. Ba a shiga kurmi shiru. Wanda zai je duba amya, ko dai ya tafi yana waƙa, ko ya riƙa ɗaga murya yana cewa, "Ho!" wani kuma daga can gefen dutse ya amsa masa, "Ho!" Dalili shi ne beyar ba ta farautar mutum. Idan ta ji murya daga nesa, sai ta kwashi 'ya'yanta ta ba da hanya. Wanda take kashewa shi ne wanda ya faɗo mata ba zato.

Mutumin nan ba shi da ɗa, sai matarsa. Shekara ashirin da shida tare suke shiga kurmi. Shi ne mai hawa bishiya, ita ce mai riƙe igiya da ƙwarya a ƙasa. Ita ke ba da waƙa, shi yana amsawa, ko da yake muryarsa ba ta da daɗi ko kaɗan. Takan yi masa dariya ta ce, "Maigida, ai beyar ba tsoronka take ji ba, kunnenta take ceto."

Sai matar ta kwanta ciwo da damina, ta rasu.

Mutane suka zo gaisuwa, gida ya cika. Aka yi kwana bakwai ana kawo tuwo, ana zama a tabarma. Rana ta takwas kowa ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona, gama ciyawa ba ta jiran mai makoki. Mutumin ya zauna shi kaɗai a tsakar gida, ga turmi a kife, ga murhu ba wuta. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce a zuciyarsa, "Ashe iyakar zumuncin ke nan, kwana bakwai."

Yana da maƙwabci, wani dattijo mai suna Kefas, shi ma mai zuma ne. Da lokacin duba amya ya yi, Kefas ya zo ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama.

Ya ce, "Ɗan'uwa, gobe mu tafi tare. Na riƙe maka igiya, ka riƙe mini."

Mutumin ya ce, "Na gode. Ba na bukata."

Kefas ya ce, "To in za ka tafi kai kaɗai, ka riƙa kira, zan amsa daga nawa gefen."

Mutumin ya ja ƙofa.

Washegari ya shiga kurmi. Ya buɗe baki zai yi waƙa, sai ya tuna shi mai amshi ne, mai bayarwa kuwa tana ƙarƙashin ƙasa. Ya rufe baki ya wuce shiru. Ya ji Kefas can nesa yana cewa, "Ho!" Ya yi kamar bai ji ba. Ya duba amyoyinsa ya dawo gida lafiya.

Ya sāke tafiya shiru, ya dawo lafiya. Ya kuma sākewa. Sai ya ce, "Ashe duk surutun banza muke yi shekara da shekaru." Kun ga yadda mutum yake? Sau uku kawai bai mutu ba, ya riga ya fi kakanninsa wayo. Daga nan ya kwashe amyoyinsa ya kai su can cikin wani kwari inda ba mai zuwa, don kada ya riƙa haɗuwa da kowa a hanya. Bai gaya wa kowa wurin ba. Wata uku yana haka, ba ya magana da mutum sai dai ya ɗaga hannu daga nesa.

Wata rana da hantsi ya gangara kwarin, tafiyarsa ba motsi. Ya kewayo wani babban dutse ke nan, sai ga amyarsa a ƙasa a fashe, 'ya'yan beyar biyu suna lasar saƙar zuma. Uwar tana gefe, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Ba ta ji zuwansa ba, shi ma bai ji nata ba. Ta miƙe tsaye. Kafin ya juya ta kai masa mari ɗaya a kafaɗa, ya gangara cikin rami, ƙafarsa ta karye a kan dutse. Ta leƙo, ta yi gurnani, sa'an nan ta kora 'ya'yanta suka tafi.

Ya kwanta a ramin, jini yana zuba, ƙuda suna binsa. Ba wanda ya san inda yake, gama shi da kansa ya shirya haka. Ya duba sama ya ga ungulu ɗaya tana kewaya. A ranar ya san mene ne kaɗaici, ya kuma ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba.

Da rana ta take tsaka, sai ya ji murya daga saman dutse: "Ho!"

Kefas ne. Mutumin ya san in bai amsa ba zai mutu a nan, amma kunya ta riƙe masa harshe. Wata uku yana ƙin amsa wa dattijon nan, yau da wane baki zai kira shi? Muryar ta sāke zuwa, ta fi nisa. Ta zo ta uku, da ƙyar ake jinta.

Sai ya buɗe baki. Ba "ho" ne ya fito ba. Kuka ne, kukan da ya riƙe tun ranar da aka binne matarsa, ya fashe da shi kamar ƙaramin yaro, har kwarin ya ɗauka.

Kefas ya ji, ya biyo kukan ya gangaro. Ya yaga rigarsa ya ɗaure masa kafaɗa, ya saro sanda ya ɗaure ƙafar.

Mutumin ya ce, "Baba Kefas, me ya kawo ka nan? Ba ka da amya a wannan gefen."

Kefas ya ce, "Ba ni da ita. Na ga ka daina bin tsohuwar hanya, shi ne kullum nake zaga wani kwari ina kira. Na ce wata rana dai za ka amsa."

Ya goya shi a baya, tsoho da tsoho, suna tafiya suna hutawa, har gari. Mutumin ya rayu, amma bai ƙara hawa bishiya ba har ya mutu.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce wannan. Kurmin nan duniya ce, dukanmu kuwa muna shiga cikinta kowace safiya. Beyar ita ce masifar da ke samun mutum a inda ba mai ganinsa: baƙin ciki, jaraba, fid da zuciya. Kiran da amsawar su ne addu'a da zumuntar masu bi. Ubangiji bai yi mu don mu yi tafiya shiru ba. Idan kai ne aka ɓata wa rai, ka daina zuwa sujada, ka kwashe damuwarka ka kai inda ba wanda ya sani, ka ji ni da kyau: dawowa lafiya sau uku ba shaida ba ce. In kuwa ka riga ka fāɗi, kada kunya ta kashe ka. Ba sai ka iya tsara addu'a ba. Kuka ma Allah yana jinsa.

Amma ban gama ba, saura mu. Mutumin nan ya yi kuskure, duk da haka bai yi ƙarya ba a kan kwana bakwai. Mun iya cika gidan makoki, mun iya kawo tuwo. Wata uku bayan haka fa, su wa suke zuwa? Abin nan yana ɓata mini rai, ni ma kuwa ina cikin masu laifin. Cikin gari guda mutum ɗaya ne ya ci gaba da kira, ana ƙin amsa masa, bai yi fushi ya bari ba.

Yanzu kowa ya dubi bencin da yake zaune. Akwai wanda ya saba zama kusa da kai, an kwana biyu ba a gan shi ba, kai ma ka san sunansa. Kada ka ci abincin rana yau sai ka tsaya a ƙofar gidansa. In bai buɗe ba, ka koma gobe.